Gudummawar Ƙasashen Waje da Ɗorewar Aikin Kula da Masu Cutar Ƙanjamau: Nazari a kan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana matsayin kuɗin agajin da ke zuwa daga ƙasashen waje cikin aikin kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, watau HIV, wadda idan ta yi ƙarfi a jikin mutum takan zama ciwon ƙanjamau. Galibi idan ana wannan magana, a Abuja ake yin ta, ana ambaton miliyoyin daloli da sunayen manyan hukumomi. Amma kuwa inda ake gane amfanin kuɗin, ko rashin amfaninsu, shi ne can ƙauye, ranar da kwalbar maganin wani manomi ta ƙare. Saboda haka ne aka zaɓi ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin su zama ma'aunin da za a auna batun da shi.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, a yau ƙwayar maganin ita ce mafi araha cikin dukkan abubuwan da kuɗin agaji ke ɗauke da su. Babban nauyin yana ga hanyar da ke sada ƙwayar da mai bukatarta: gwaji, da sufuri, da ma'aikata, da ajiyar bayanai, da bin sawun wanda ya daina zuwa. Wannan hanya kuwa ita ce ta fi rauni a wurare irin waɗannan uku, ita ce kuma takan fara yankewa idan mai ba da agaji ya janye hannunsa. Don haka ita ce ya kamata hukumomin gida su fara karɓa.

2.0 YANAYIN WURIN

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987. Su ukun mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma a ƙidayar 2006 jimlar mutanensu ta haura rabin miliyan. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga masara da dawa da auduga da waken suya, ga kuma manyan kasuwanni irin ta Sheme da ta 'Yankara, waɗanda fatake ke ci daga nesa. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Funtuwa ita ce babbar alƙaryar da jama'ar yankin suka fi dosa don ciniki da neman magani.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan yanki. Na farko, cutar ba ta da yawa a jihar idan aka kwatanta da sauran sassan ƙasa. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na baligan Nijeriya ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan idan aka haɗa da yara. A Katsina kuwa abin da aka samu shi ne kashi 0.3, watau mutum 3 cikin 1,000, ita da Jigawa ne a ƙasan jerin. Wannan abin godiya ne, amma yana tafe da tasa wahalar, domin masu cutar a warwatse suke, ɗaya a wannan ƙauye, biyu a wancan, kuma kowannensu yana ɓoye kansa. Jama'ar da ta taɓa yi wa ciwo laƙabi da "kabari kusa" ba ta saurin mance tsoronsa. Ko da yake tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu cutar bambanci, har yanzu akwai wanda ya gwammace ya tsallake asibitin garinsu ya tafi Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, don kada ɗan unguwarsu ya gan shi a layi.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Duniya ta san Ƙanƙara ne ran 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sa'an nan a watan Satumba aka katse layukan wayar salula na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. An ɗauki waɗannan matakai ne don a takura wa 'yan fashin daji, amma duk wanda ya san aikin asibiti ya san abin da rufe hanya da katse waya ke jawo wa mai shan magani kullum: ba ya iya zuwa, ba a kuma iya kiransa. Ƙauyuka da yawa sun tashi, mutanensu sun koma cikin gari ko wata jiha, katin asibitinsu kuwa yana can inda suka baro.

3.0 DALILIN DA YA SA MAGANIN BA YA SON YANKEWA

Kafin a shiga maganar kuɗi, wajibi ne a fahimci halin maganin kansa, domin shi ne ya bambanta wannan aiki da sauran ayyukan agaji. Rijiyar burtsatse idan an haƙa ta an gama, rigakafin ƙyanda ma idan an yi wa yaro an sallame shi. Maganin ƙanjamau kuwa ba ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus, danne ta yake yi. Mafi yawan baligai a Nijeriya yanzu ƙwaya ɗaya suke haɗiya a rana, wadda ta ƙunshi magunguna uku, watau tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Muddin mutum yana sha ba fashi, cikin 'yan watanni ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, garkuwar jikinsa ta farfaɗo, ya koma gona. Wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa matarsa cutar ta hanyar auratayya. Haka kuma mace mai ciki: idan ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka daga uwa, idan kuwa da magani abin yakan sauka ƙasa da 5.

To, amma ranar da aka daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar takan dawo da ƙarfinta. Mafi muni shi ne sha-yau-bari-gobe, domin ta haka ne ƙwayar ke samun damar bijire wa maganin, sai a koma wa wani jerin magunguna mafi tsada da wuyar samu. Tarin fuka, wanda shi ne ya fi kashe masu wannan cuta, yana nan yana jira. Jaririn da aka haifa da ƙwayar kuma, in ba a gano shi an sa shi kan magani ba, kimanin rabin irinsa ba su kai shekara biyu. Ashe ke nan duk wanda ya ɗora mutum kan wannan magani ya ɗauki alkawarin da ba shi da ranar ƙarewa, alhali kuwa kuɗin agaji na shekara-shekara ne, ko na shekara uku, ko biyar, kuma majalisar wata ƙasa ce ke amincewa da su. Wannan saɓani tsakanin alkawari marar wa'adi da kuɗi masu wa'adi shi ne tushen dukkan matsalar.

4.0 TAƘAITACCEN TARIHIN AGAJIN

An ba da rahoton ciwon ƙanjamau na farko a Nijeriya a 1986. Gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya yi ta hawa har ya kai 5.8 a 2001. A wancan zamani maganin yana nan a Turai da Amurka, sai dai kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, don haka talakan Afirka bai ma san kamanninsa ba. Ƙofa ta fara buɗewa ne a 2001, da kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da nasa a kan dala 350. A watan Afrilu na wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya.

Abin lura a nan shi ne, da kuɗin gida aka soma. A 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da magani a cibiyoyi 25, da nufin ɗaukar manya 10,000 da yara 5,000, kowane mutum yana biyan Naira 1,000 a wata. Ba a yi nisa ba magani ya yanke a wajajen 2004, mutane suka yi watanni ba su samu ba. Wannan darasi ne da bai kamata masu kiran "mu tsaya da ƙafarmu" su mance da shi ba, domin niyya ba ta isa idan babu tsari.

Daga nan ne manyan masu agaji biyu suka shigo. Na farko shi ne Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda aka kafa a 2002, mai mazauni a Janeba, inda ƙasashe masu arziki da wasu attajirai ke zuba kuɗi. Na biyu shi ne shirin PEPFAR, wanda Shugaban Amurka George W. Bush ya sanar a watan Janairu na 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe 15 da aka fara da su. Shirin ya kama aiki a nan a 2004, kuma abin da ya kashe a ƙasar nan ya haura dala biliyan 6. Bankin Duniya ma ya ba da kuɗi, sai dai nasa rance ne mai sauƙi, da shi ne kuma aka ƙarfafa hukumomin yaƙi da cutar na jihohi. Da wannan tallafi ne aka iya mai da maganin kyauta a 2006. A 2007 kwamitin ƙasa na yaƙi da cutar ya zama cikakkiyar hukuma, watau NACA, jihohi kuma suka kafa nasu, har da Katsina. A 2016 Nijeriya ta karɓi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa duk wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar a ɗora shi kan magani nan take, ba sai ya galabaita ba.

Lissafin da hukumar NACA ta bayar ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2018 an kashe dala biliyan 6.2 a kan wannan cuta a Nijeriya, kuma fiye da kashi 81 cikin 100 daga waje suka zo. Alkawarin Abuja kuwa bai cika ba, domin rabon lafiya a kasafin tarayya ya fi yawo tsakanin kashi 4 da 6. Ba a ce gwamnati ba ta yi kome ba. Ta ɗauki nauyin magani a jihohin Abiya da Taraba, a 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin ƙara mutum 50,000 kowace shekara da kuɗin gwamnati, a watan Fabrairu na 2022 kuma aka ƙaddamar da asusun 'yan kasuwa mai burin tara Naira biliyan 62. Gine-ginen asibitoci da albashin likitoci da malaman jinya ma na gwamnati ne. Duk da haka, ginshiƙin da rufin ke kai na aro ne.

5.0 ABIN DA KUƊIN KE SAYE

Bari mu bi ƙwayar magani tun daga tushe har bakin mai sha. Mafi yawanta a Indiya ake yi. Masu agaji sukan haɗa bukatun ƙasashe da yawa su saya a dunƙule, shi ya sa farashi ya faɗi: dala 75 a shekara bisa yarjejeniyar 2017, sa'an nan ƙasa da dala 45 bisa sanarwar Asusun Duniya ta 2023. Daga tashar jirgin ruwa sai manyan rumbunan magani na Legas da Abuja, waɗanda su ma da taimakon masu agajin aka gina su, daga nan motoci su rarraba wa asibitoci. A asibiti akwai kayan gwajin gaggawa, da mai ba da shawara kafin gwaji da bayansa, da mai shigar da bayanai a kwamfuta. Akwai jinin da ake ɗiba don auna yawan ƙwayar cutar, da ɗigon jinin jariri da ake busarwa a kan takarda, waɗanda dole a kai su babban ɗakin gwaje-gwaje mai nisa, sau da yawa a kan babur, a kuma dawo da sakamako. Akwai masu bin sawu, waɗanda wasunsu su ma masu ɗauke da ƙwayar ne, aikinsu su buga waya ko su taka har gida idan mutum ya wuce ranarsa. Galibin waɗannan ƙananan ma'aikata ba sa cikin jerin ma'aikatan gwamnati, alawus suke karɓa daga ƙungiyoyin da masu agaji ke ba kwangila. A Jihar Katsina, a shekarun baya-bayan nan, Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cutar Ɗan Adam ta Nijeriya, watau IHVN, wadda aka kafa a 2004, tana cikin manyan masu wannan aiki, da kuɗin PEPFAR da ke biyowa ta hukumar CDC ta Amurka.

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi. Idan aka ɗauki matsakaicin jiha na kashi 0.3, a cikin kowane baligai 100,000 za a sami kimanin mutum 300. Maganinsu na shekara a kan dala 45 ya kama dala 13,500. In an canza dala a kan Naira 1,500, abin ya tashi Naira miliyan 20 da 'yan kai. Maganin mutum ɗaya na shekara guda, watau Naira 67,500, bai kai mafi ƙarancin albashi na wata ɗaya ba, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a 2024. Wannan ba kuɗin da zai gagari jiha ba ne. Amma kafin a gano waɗannan mutum 300 sai an gwada dubbai, domin cikin kowane gwaji 1,000 uku ne kawai za su nuna. Bayan an gano su kuma sai an riƙe su, alhali suna warwatse cikin ƙauyukan da hanyoyinsu ba su biyuwa da yamma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na babur suka ninka, har ta kai ga mutumin da ake ba magani kyauta yana iya rasa kuɗin zuwa karɓa. Ashe a irin wannan yanki tsadar tana ga tafiya da ma'aikaci.

A nan ne ƙarancin cutar ke zama wa yankin cikas. Mai ba da agaji yana da majalisar da zai yi wa bayani, don haka yakan kai kuɗinsa inda kowace dala za ta gano mutane da yawa. Bayan binciken 2018 an fi mai da ƙarfi ga jihohin da cutar ta fi yawa, irin su Akwa Ibom da Ribas da Binuwai. Ta fuskar lissafi wannan daidai ne. Amma matar da ke Sabuwa, wadda mijinta ya dawo daga ci-rani da ciwo, ba ta san da wannan lissafi ba, kuma bukatarta ɗaya ce da ta 'yar'uwarta ta Fatakwal.

6.0 GIRGIZAR 2025

Ran 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umurnin dakatar da agajin Amurka ga ƙasashen waje na kwana 90, bayan 'yan kwanaki kuma aka umurci ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin su tsai da aiki. Ba a jima ba aka yi sassauci ga ayyukan ceton rai, watau ba da magani da kare jarirai daga ɗauka. Ayyukan rigakafi da yawa ba su shiga cikin sassaucin ba, hukumar USAID kuma aka rufe ta a farkon watan Yuli na shekarar. Gwamnatin Tarayya ta yi hanzari: a watan Fabrairu majalisar zartarwa ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani, Majalisar Ƙasa kuma ta ƙara kwatankwacin dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ambaci ma'aikata 28,000 waɗanda da kuɗin Amurka ake biyansu, wannan adadi kuwa ya isa ya nuna inda dogaron yake.

Abin da ya faru ya gaskata abin da muka faɗa. Ƙwayar magani ita ce kowa ya ruga ya kare, mai agaji da gwamnati, domin ita ce ake gani, ita ake ƙirgawa. Mai bin sawu da ɗan babur mai kai jini da mai shigar da bayanai su ne ba su da mai tsaya musu. Rashinsu kuwa ba ya bayyana a rana ɗaya, sai bayan watanni, sa'ad da aka duba littafi aka tarar wane da wance sun daɗe ba su zo ba.

Ba Amurka kaɗai ta ja baya ba, Ingila da wasu ƙasashen Turai ma sun rage agajinsu. Asusun Duniya, wanda ya ware wa Nijeriya dala miliyan 933 na 2024 zuwa 2026 don cututtukan nan uku, ya nemi dala biliyan 18 a taron neman gudummawa na watan Nuwamba 2025 a Afirka ta Kudu, alkawarin da ya samu a ranar bai kai biliyan 12 ba. A watan Disamba na 2025 Amurka da Nijeriya suka ƙulla yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar, wadda a cikinta Amurka za ta ba da kimanin dala biliyan 2, Nijeriya kuma ta ƙara kusan biliyan 3 daga aljihunta. Ma'anar wannan a fili take: agajin bai ƙare ba, amma an sa masa sharaɗi, an kuma nuna masa hanyar fita.

7.0 AMFANI DA ILLA

Adalci ne a faɗi cewa ba don wannan agaji ba, da ɗimbin mutanen da ke noma da koyarwa da renon 'ya'yansu a yau suna ƙarƙashin ƙasa. Ya kuma bar abubuwan da suka amfani wasu fannoni, kamar na'urorin gwajin tarin fuka, da horon ma'aikata, da tsarin rarraba magani, da al'adar ajiye bayanai. Wanda ya raina wannan bai ga asibitocinmu na shekarun 1990 ba.

Illarsa kuwa uku ce. Ta farko, ya gina ɗaki cikin ɗaki. Sashen ƙanjamau yana da nasa ma'aikata da nasa littattafai da nasa hanyar samun kaya, dabam da sauran asibitin, har ma shiga ƙofarsa kan zama tonon asiri ga mai cutar. Ta biyu, ya sa hukumomin gida sun saki jiki. Mai tsara kasafi idan ya ga wani ya ɗauke masa wannan kaya sai ya karkata kuɗin ga wani wuri, shekara ashirin ana haka har abin ya zama ɗabi'a. Ta uku, mai kuɗi shi ke zaɓen inda za a yi aiki da abin da za a ƙirga, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

8.0 SHAWARWARI

Na ɗaya, a raba nauyin bisa hankali. Sayen magani da kayan gwaji ya zauna a hannun Gwamnatin Tarayya tare da masu agaji, domin arahar da aka ambata daga saye a dunƙule ta zo, jihar da ta fita kasuwa ita kaɗai ba za ta sami wannan farashi ba. Jiha da ƙananan hukumomi su karɓi abin da ke kusa da su, watau ma'aikatan bin sawu da sufurin jini da ajiyar bayanai, a sa su cikin kasafi da sunansu, a kuma saki kuɗin a kan lokaci. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 game da bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, idan aka aiwatar da shi, zai kawar da uzurin rashin kuɗi.

Na biyu, a rushe ɗakin da ke cikin ɗaki. A mai da kula da masu wannan cuta cikin aikin yau da kullum na asibiti, kamar hawan jini da ciwon sukari, a horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na mazaɓu su iya ba da maganin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Ta waɗannan ƙofofi biyu ake iya shigar da gwajin mai ciki da na jariri.

Na uku, a tsara aikin bisa halin tsaron yankin. Wanda jininsa ya nuna magani ya karɓe shi, a ba shi na wata shida a tafiya ɗaya, kamar yadda ƙa'idojin ƙasa suka yarda. A ba mutum damar karɓa a kowane asibiti ya sami kansa idan gudun hijira ya raba shi da garinsu. Masu cutar da suka amince da juna su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ya je ya karɓo wa sauran. Duk lokacin da hukuma za ta rufe hanya ko ta katse waya, a sanar da shugabannin asibitoci tun da wuri su raba magani.

Na huɗu, a jawo malamai da masu sarauta da masu hannu da shuni. Kuɗin motar maraya ko bazawara zuwa asibiti abu ne da zakka da waƙafi za su iya ɗauka ba tare da an jira Janeba ba. Huɗubar liman guda da ta nuna cewa wannan ciwo jarrabawa ce kamar sauran cututtuka, kuma mai shan magani yana aure ya haifi lafiyayyun 'ya'ya, takan rage tafiyar da mutum ke yi don ɓuya, rage tafiya kuwa rage kuɗi ne.

Na biyar, ya rage ga jami'o'inmu da kwalejojinmu na Katsina da Dutsin-ma da Zariya su auna ainihin abin da riƙe mutum ɗaya kan magani ke ci a shekara a ƙaramar hukuma irin Faskari, da kuɗin babur da alawus da katin waya da kome. Shugaban ƙaramar hukuma ba zai sa a kasafi abin da ba a faɗa masa adadinsa ba.

9.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa agajin ƙasashen waje shi ne ya ɗauki fiye da kashi huɗu cikin biyar na kuɗin yaƙi da ƙanjamau a Nijeriya na tsawon shekaru, cewa maganin ba ya jure yankewa, kuma cewa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda masu cutar ba su da yawa amma suna warwatse cikin ƙasar da ba ta da kwanciyar hankali, abin da ya fi tsada shi ne isar da maganin da riƙe mai shansa. Abin da ya auku a 2025 ya nuna cewa shawarar da aka yanke a wata ƙasa cikin yini ɗaya tana iya taɓa kwalbar da ke ƙarƙashin matashin kan wani a Sabuwa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ba a nufin a kori mai taimako, domin har yanzu ana bukatarsa wajen saye da gwaji. Abin nufi shi ne, cikin shekarun da suka rage ana raba nauyin, jiha da ƙananan hukumomi su mai da mai bin sawu da ɗan babur mai kai jini su zama nasu, da albashi daga baitulmalinsu.